Gemun Baba

Yayana mai aski ne. A unguwar da muka tashi cikin birni ba mai kiransa da sunan yanka, sai Na Gaba, don tun yana karkaɗe tawul daga wuyan mutum bakinsa ya riga ya ce "na gaba!" ko da babu kowa a kan benci. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙasan benen da muke haya: kujera ɗaya mai juyawa, madubin da ya tsage a kusurwa, sai wata fanka da aikinta ta kwashi gashi ta mayar wa mutane a ido. Mu kuma muna hawa na uku, shi da matarsa da 'yan matansu biyu, da Baba, da ni autar gida.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Burinsa a duniya ɗansa na fari ya zauna a ofis, sai ɗan ya ajiye karatu ya ɗauki almakashi. Shekaru suka yi gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Baba ya gwammace ya tsallaka titi ya kai kansa wani shagon da ya zauna a kujerar ɗansa. Ciwo ne ya sasanta su. Bayan rasuwar Inna ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya samu sauƙi, amma hannun bai koma riƙe reza ba, ga shi mutum ne da bai taɓa yarda gashi ya kwana a haɓarsa ba. Wata safiya Yaya ya shigo da ruwan ɗumi da burushi, bai nemi izini ba, ya ɗaura masa tawul. Baba ya dube shi, ya dubi rezar, ya ɗaga haɓa.

Daga ranar ya zama kullum, kafin a buɗe shago. Rediyo na magana, su kuma suna musu a kan abin da ta faɗa.

"Kana ja, Babba," in ji Baba, don haka yake kiran ɗan farinsa. "Haka kake yi wa mutane suna biyanka?"

"Su ba sa surutu reza na wuyansu, Baba."

Ni da matar Yaya, wadda nake kira Anti, mukan haɗa ido mu ƙunshe dariya. Ba na ɓoyewa, wannan ɗan lokacin shi ne kaɗai nake ganinsu a matsayin uba da ɗa, kuma na san Yaya ya fi kowa sanin haka.

Matakala ce ta tashe mu daga birni. Baba ya yi watanni ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, duniyarsa daga gado sai taga. Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Wani dillali da yake yi wa aski ya ba shi labarin wani ƙaramin gari a bayan birni, inda ma'aikata ke kama gida mai tsakar gida da rabin abin da muke biya, su riƙa shigowa aiki a bas. Yaya ya ce sai ya gani da idonsa.

To, mai aski ba shi da hutu sai Litinin. Ranar da kowa ke hutawa ita ce ranar da yake tsaye daga safe har ƙafarsa ta kumbura. Don haka ran Litinin ya je, da hantsi, lokacin da duk mai zuwa aiki ya riga ya isa, hanya fetal. Ya dawo yana washe baki.

"Nan da can ne," ya ce. "Ko gyangyaɗi ban gama ba muka isa."

Anti ta tambaye shi motar ƙarshe ƙarfe nawa take tashi daga birni. Ya ce ai motoci ba sa yankewa. Ashe bai tambaya ba ne.

Ranar tashi a kan kujerar roba aka sauko da Baba, maza biyu suna nishi, shi kuma yana ba su umarni kamar shi ya gina benen. Sabon gidan ba laifi. Ɗakuna uku a jere, famfo a tsakar gida, da bishiyar gwaiba da awakin maƙwabta suka riga suka san hanyarta. Yaran suka samu wurin guje-guje, Anti ta sayi kaji, ni kuma na samu aiki a kantin magani da ke kallon tashar mota. Daga bayan kanta na karanci garin tas. Garin kwana ne kawai. Tun da duhun asuba ake jan layi a tasha, kowa da jakarsa da barcinsa a ido, rana na fitowa gari ya koma na tsofaffi da masu goyo.

Yaya ya shiga layin nan tun washegari. Yakan fita Baba bai tashi ba, ya sha cunkoso, ya isa shago a gajiye, sannan ya zauna zaman jiran kai, don da safe ba mai zuwa aski sai wanda bai da aikin yi. Kasuwar mai aski sai an tashi daga aiki take ci. Daidai lokacin da bencinsa ke cika, daidai lokacin motar ƙarshe ke ɗumama inji. Da farko ya riƙa sallamar mutane yana rufe shago da gudu. Mutum kuwa in ka tashe shi da gashi a ka sau biyu, a na uku ba za ka gan shi ba. Da ya ga benci ya fara bushewa sai ya sayi 'yar katifa ya jingine bayan kujera, ya koma kwana a shago.

"Na ɗan lokaci ne," ya ce wa Anti. "Litinin dai tawa ce."

Askin kullum ya koma na mako. Ran Litinin tun da sassafe Baba zai sa a fitar masa da kujera gindin gwaiba, ya ajiye rediyo a gefe. Gashin mako ya fi na kwana taurin kai, sai Yaya ya fara bi da inji kafin ya sa reza, suna yi suna musunsu. Da haka ya tsaya ma da an gode Allah. Sai aka buɗe wani shago a tsallaken na Yaya, kujera uku da talabijin, samari ne da ba su san Litinin ba. Yaya ya fara buɗewa rabin yini ran Litinin. Ya iso mana da la'asar, ido ja, waya na ta ƙara a aljihu, ya yi askin a tsaitsaye. Ranar da ya yanki Baba a muƙamuƙi ya fi Baban jin zafi. Litinin ta gaba bai zo ba. Ya bugo ya ce a ba Baba haƙuri.

Gemu ya fito fari fat, ya yi cirko-cirko. Ƙaramar jikar ta ce Kaka ya koma sosan wanke tukunya, ta ƙi yarda ya sumbace ta. Yana ƙaiƙayi, muna gani, yana sosawa da hannun hagu. Anti ta durƙusa ta ce akwai wani dattijo mai aski a bakin tasha, ko a kira shi.

"Ina da ɗa mai aski a kira mini bare?" ya ce. "Bar shi, 'yar nan."

Na ce to ni in gwada, ai na sha gani.

"Ke Auta, ko albasa ba ki iya yankawa daidai ba."

Na kira Yaya a waya raina a ɓace. Na ce masa ya kwaso tsoho daga inda yake ganinsa kullum ya kawo shi ya ajiye wa awaki. Ina jin inji na kuka a kan wani. Can ya ce, "Auta, in na rufe shagon nan me za ku ci?" Na kashe wayar, haushi ya ƙara kama ni.

Abin da aka zo nema kuwa an samu. Baba ya fara takawa da sanda, daga gwaiba zuwa famfo, daga famfo zuwa ƙofar gida, har ya kai ga titi. Litinin ɗin da ta biyo baya ina cikin kanti na hango shi ya nufo tasha yana jan ƙafa, sanye da rigarsa mai guga. Taryen ɗansa ya zo. A duk tashar kuwa babu wurin zama mai inuwa sai bencin dattijon nan mai aski, wani siriri mai gilashi ɗaure da zare, wanda duk abokan cinikinsa tsofaffin da aka bari a gari ne. Nan Baba ya zauna, ya ba shi baya, ya zuba wa hanya ido.

Mota ta zo ta sauke mutane, wata ta zo. Dattijon bai ce masa ya zo a yi ba. Shayi ya miƙa masa, suka shiga hira, na ga har Baba yana nuni da sanda. La'asar ta yi sanyi, ba Yaya. Na shiga ciki ɗauko wa wata mata maganin tari, ina fitowa na ga Baba a kan kujera, tawul a wuya, ya ɗaga haɓa.

Daga nan kullum da hantsi sai ya ɗauki sanda. Ba wanda ya gaya wa Yaya. Anti ta ce ba da bakinta ba, ni ma na ja nawa na tsuke.

Ana haka wata Litinin sai ga Yaya da safe. Ya rufe shago gaba ɗaya, ya biyo motar farko da ke dawowa babu kowa, da jakar aikinsa da sabon ƙunshin reza. Tun daga ƙofa yake cewa Anti ta ɗora ruwa. Ya iso gindin gwaiba ya tsaya. Baba na zaune da rediyonsa, fuska tas, har tana sheƙi.

Suka gaisa. Yaya ya ajiye jaka a hankali. Ya kama haɓar Baba da yatsu biyu, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, yadda yake yi wa kowa.

"Wa ya yi?"

"Mutumin bakin tasha."

"Hannunsa ba laifi," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. Ya ƙara dubawa, sai na ga fuskarsa ta ɗan saki. "Amma ya bar maka gashi nan ƙarƙashin kunne. Auta, miƙo tawul."

Ya zuge jaka, ya fasa sabuwar reza. Baba ya ɗaga hannun hagu ya riƙe masa wuyan hannu. Ba da faɗa ba, da tausayi ma ya yi maganar, kuma shi ya sa ta fi ciwo.

"Bar masa, Babba. Ya san da shi. Hira ce ta ɗauke mu jiya, ya ce yau zai ƙarasa, yana can yana jirana." Ya laluɓi sandarsa. "Kai ka gaji. Shiga ka kwanta."

Yaya ya taimaka masa ya miƙe, ya raka shi har ƙofar gida, ya tsaya yana kallon bayansa. Anti ta fito da ruwan ɗumi a kwano, ta tambaya a ina za ta ajiye.