Zoɓon da Na Zubar a Kwata

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, wannan ɓarnar da na yi da hannuna ba za ta bar raina ba.

Lokacin ina sayar da zoɓo a unguwar Romi. Maigidana kuwa yana zaune a gida tun da aka rufe masaƙar Kakuri, inda ya yi shekaru a sashen rini. 'Yarmu ta fari tana ajin ƙarshe a jami'a. Da aka shiga yajin aiki, ta dawo da aikin bincikenta gida: wata 'yar ƙaramar gansakuka ta teku, wadda malaminsu ya samo daga Legas. Tana rainonta cikin ruwan gishiri, wai ana fitar da launi daga jikinta don masana'antu. Ta yi mini bayani, amma gaskiya hankalina yana kan tukunya.

Ta ari gorunan zoɓona ta zuba ta a ciki, ta jera a bayan ɗaki inda rana ke taɓawa. A hankali ruwan ya koma ja.

Wata Asabar tana wajen koyon waƙar coci, goruna suka ƙare mini. Na zagaya na ga goma sha biyu cike da jan ruwa. Na ɗanɗana, gishiri zalla. Na ce zoɓo ne ya lalace, na tuttule su a kwata, na wanke tas, har ina yabon kaina.

Da ta dawo ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Mama, digirina kika zubar." Ba ta da sauran iri, malamin ma ya yi tafiya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai ga babanta ya fito daga ɗaki yana sosa ƙeya, riƙe da gora guda. Ashe tun makon jiya ya sace ta ya ajiye a tagarsa, kullum yana kallo.

"Launin ne," ya ce. "Irinsa muke haɗawa a masaƙa. Kewa ta kama ni."

Da wannan gorar ta sake raino, uban yana girgiza mata gorunan safe da yamma, har ta gama karatu.

Yau ba ya raye, gorar tana nan a tagarsa, ba komai a ciki sai busasshen ja. Tun ranar na koyi tsayawa in saurari 'ya'yana, kuma ba na zubar da abin da ban sani ba sai na tambaya.