Ƙararrawar Tafiretar Baba Ɗanlami

Jama'a, wallahi wannan a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Zamanin soja ne, ba a daɗe da yanke Jigawa daga Kano ba, ina gyaran kwamfuta, aka kira ni wani ofishi a Kazaure, wai tasu, ita kaɗai ƙwal a ginin, ana cikin aiki sai ta mutu ta sake tashi da kanta, abin da aka buga duk ya bi ruwa.

Mai aiki da ita Habu ne, mutumin Roni, magidanci mai 'ya'ya. Maigidansu kuwa, wanda ko kunna ta bai iya ba, ya riga ya yanke hukunci: in ban samo cuta a jikin injin ba, to hannun Habu ne, ya tattara ya tafi.

Ba abin da ban duba ba. Na zargi wuta, muka koma janareta da sitabilaiza, na'urar daidaita wuta, sabo fil, ta mutu. Na ce zafi ne, na buɗe ta na share ƙura, na canza fanka, ta mutu. Na wanke faifanta kaf ko ƙwayar cuta ce, duk a banza. Na ɗauke ta zuwa shagona a Kano, ta yi ta aiki lafiya lau, muna dawo da ita teburin ta koma halinta.

Ranar nan da hantsi, ofis tsit, sai na ji wata 'yar ƙara, "tin", irin ƙararrawar da tafireta ke yi a ƙarshen layi, nan take allon ya yi baƙi. Na dubi Habu, ya sunkuyar da kai.

"Malam, kullum ina ji," in ji shi. "Wa zan gaya wa ya yarda?"

A nan ya ce min teburin na Baba Ɗanlami ne, tsohon mai buga musu tafireta, wanda aka sallama ranar da kwamfutar ta iso, ko sannu ba a ce masa ba.

Na hau babur har garinsu tsohon, Kanya Babba. Na tarar da tsohon kwance a soro, ciwo ya cinye shi, ba ya magana, ba ya gane kowa, amma yatsunsa na ta bugawa a kan tabarma. Can sai ya ɗaga hannun hagu ya ture iska, kamar mai komawa sabon layi.

Na dawo na ce wa maigidan, "Ranka ya daɗe, inji lafiyarsa ƙalau, Habu ma ba shi da laifi."

"To na wa ne?"

Na tattara kayan aikina na fita, don in na faɗa mahaukaci zai kira ni. Washegari ya kori Habu. A makon Allah ya yi wa Baba Ɗanlami rasuwa, kwamfutar ba ta ƙara mutuwa ba. Sai ga maigida yana yawo ofis ofis, baki har kunne, wai kun gani, da ma hannun Habu ne.

Har yau abin na ƙona min rai, kuma har yau ban san me na gani ba. Ni dai shawarata, in za ku sallami mutum daga teburinsa, ku sallame shi da mutunci. Haɗuwata ta ƙarshe da Habu a kasuwar Babura ce, yana ɗaukar kaya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ta daina?"

Na ce ta daina. Ya saki hannuna, ya ce, "Ashe dai ni ne."