'Yan Zabin Iya

Jiya a kasuwar Kiru na ga wata tsohuwa ta ɗaga ƙwan zabo tana duba shi a hasken rana, sai kakata Iya ta faɗo mini a rai. Muna yara, ni nake kutsawa cikin ƙaya in kawo mata ƙwan zabi a hulata da ɗuminsu, ita kuma ta zuba wa kaza.

Wata damina ƙanina Sani ya zo hutu daga makarantar da ni na gudu na bari. Ya tsugunna bakin akurki yana gaya wa Iya wai tsako daga ɗigo guda yake farawa, ya rabu biyu, biyun su zama huɗu, kuma wani sinadari ne a ciki yake cewa a rabu ko a dakata.

Iya ta tafa masa hannu, ta juyo ta dube ni. "Ka ji maigidana! Kai kuwa sarkin rawar kai, ƙwai ma ya fi ka haƙuri."

Da kazar ta ƙyanƙyashe, shi ta ba 'yan zabin duka. Ni ko sannu.

Har yau abin yana cina. Na yafe zabin, Iya, Allah ya jiƙanki. Amma in Ya haɗa mu a Aljanna, ni za ki fara yi wa tafi.