Takabar Hajjo

Wata Laraba a shekarar da na shiga aji uku, ana tsakiyar girbin gero, kakana ya baro gona ya ce in ɗauko ƙwaryar fura in bi shi Kaikai. Haushi ya kama ni, don mun shirya 'yar carafke da ƙawayena, kuma na san tafiyar banza ce. Sau biyu muna zuwa har bakin garin, ya yi ta kai da kawowa a gindin wata tsamiya, sannan mu juyo gida Fakuwa ƙafata duk ƙaya.

Kaka tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin Bama. Turawa sun ba shi lambar jarumta saboda ya goyo mutum uku da aka harba, ɗaya bayan ɗaya, ya haye rafi da su. Har kasuwar Kankia ana ba da labarin, shi kuwa da an soma sai ya kakkaɓe riga ya tashi. Sai ranar, a hanya, ya gaya mini akwai na huɗu, amininsa Idi, mutumin Kaikai. Da ya koma ɗauko shi ya tarar rai ya yi halinsa, ga harbi ta ko'ina, ya baro shi. Aka rubuta cewa ya ɓace. Matarsa Hajjo ba ta yi takaba ba, ta kuma ƙi aure, tunda babu wanda ya zo ya ce ya ga gawa.

Muna isa tsamiyar ya soma juyawa. Ni da taurin kai na ce wallahi ba na sake komawa da furar nan, na kutsa cikin gari ina tambayar gidan. Dole ya biyo ni.

Muka tarar da tsohuwa tana sheƙar gero. Kaka ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya faɗa mata komai. Abu ɗaya ta tambaya.

"Malam, an yi mashi sutura?"

"A'a. Hulata na rufa mashi a fuska."

Ta ajiye ƙwaryar geron, ta cire 'yan kunnenta. Ranar ta shiga takaba, kanta fari fat.

Yanzu kafin a wanke mamaci waya ta kai labari har Legas, ba mai jiran shekara talatin. Duk da haka nakan yi kewar tafiyar nan da Kaka. Har yau ban sani ba ko alheri na yi wa Hajjo.