Ustaz Harisu da Madafar Ganye

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa bakin kogin Rahad a Mafaza ya san shi. Dogon dattijo, jallabiya a tattare zuwa gwiwa, yana laluben ciyawar ruwa yana sakawa a kwalba. Leburorin da ke jiran tarakta ta kwashe su zuwa manyan gonakin dawa da riɗi ba sa barin sa ya wuce lafiya.

"Ya Ustaz, yau ma miyar ce?"

"Ita ce, wallahi," in ji shi. "Ku biyo ni makaranta ku ɗanɗana."

Wannan shi ne Ustaz Harisu, malamin kimiyya na sakandaren garinmu, wanda ya ajiye aiki bana. Ni ma ɗalibinsa ne, kuma ba na cikin masu ƙoƙari.

Mijhar ɗaya tal makarantar take da shi, wato madubin nan mai ƙara girman abu, tsoho ne mai karɓar haske daga rana. In an yi hadari babu darasi, in rana ta fito sai mu ɗauki tebur mu bi ta tsakar gida. In muka yi ƙorafi ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Zai ɗora siririn ganyen nan a gilashi, ya ɗiga ruwa, ya ce a leƙa. Ranar da na fara leƙawa na ga 'yan ƙwayoyi kore shar suna zagaya ɗakinsu a hankali, sai da na ja da baya. A littafi sunansu balastida. Shi kuwa madafar ganye yake ce musu, don a nan tsiro ke dafa abincinsa da hasken rana. Ya ce duk buhun dawar da ke fita daga jiharmu ta Gadarif a nan aka fara girka shi.

Doka ɗaya gare shi. In ka ɗago kai ka fara zuba hadda sai ya tsayar da kai: "La, la. Bar littafi. Me idonka ya gani?"

Amma shi kansa akwai abin da bai taɓa gani ba, kuma ba ya ɓoyewa. Cikin kowace ƙwaya akwai wasu siraran faya-faye a jere, waɗanda tsohon madubinmu bai isa ya nuna ba. A zane kawai ya san su. Yakan ce ba ya son ya bar duniya yana koyar da abin da ji kawai ya yi.

Allah ya sa ɗalibarsa Barira ta yi nisa a karatu, har ta kama aiki a wani ɗakin bincike a Khartum, inda ake da babbar na'urar da ke nuna cikin ƙwayar ƙuru-ƙuru. Ta aiko ya zo. Ya ce sai 'yan ajinsa sun gama jarrabawa. Da suka gama, wasu suka taso. A haka idonsa ya fara dushewa, likitoci suka ce jijiya ce, ba ta gyaruwa. Ranar da ya hau mota daga ƙarshe, haske da duhu kaɗai yake bambancewa.

Barira ce ta ba ni labarin da bakinta. Ta zaunar da shi gaban na'urar, hoton ya fito, ya matso har goshinsa ya kusa taɓa gilashi. Bai ga komai ba. Ta fashe da kuka.

"Halas, ya isa, ɗiyata, share hawaye," ya ce. "Me idonki ya gani?"

Ta dube shi, ta dubi hoton. "Ustaz, kamar kisra ce, siririyar gurasar dawar nan tamu. Kamar yadda Goggo ke gasa ta tana ɗora wata kan wata. Tuli nan, tuli can, da wasu siraran zare suna haɗa su."

Ta ce dariya ya yi har da tafa hannu, ya sa ta maimaita.

Da ya dawo Mafaza mun je tarbarsa jiki a sanyaye, kowa na neman kalmar jaje. Sai muka tarar da shi yana shan shayi, fuska fal annuri. Na yi ƙarfin hali na ce, "Ustaz, an dace kuwa?"

"Tamam. Na gani," ya ce. "Idon da na koya wa kallo ai nawa ne."

Ustaz, kai ne ka sa 'ya'yan manoma suka san abin da ke cikin ganyen da suke takawa kullum. Kai ne ka fifita jarrabawar 'ya'yan wasu a kan burinka, kuma ban taɓa jin ka yi da-na-sani ba. Ina ƙaunarka, kuma ban ji kunyar faɗa a gaban jama'a ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka mana.

Ku kuma malaman da kuka gaje shi, tsohon madubin yana nan a kabad, kogi bai ƙafe ba. Ku fito da tebur rana, ku koya wa yara kallo tun idonku na gani.