Kwalba Mai Baƙin Zare

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Nuhu, wanda Zango ta Kumasi ta sani da Dokta Naman Kaza. Ba likita ba ne, mai bincike ne a jami'a, amma wa ya isa ya hana mutanen Zango laƙaba suna?

Ina amarya na tarar rabin firijinmu kwalabe ne. Na yi ta masifa, ya zaunar da ni. Ya ce farin abin nan mai kama da auduga da ke cikin kwalaben shi ne ainihin naman kaza, kuma ɗaya tilo ba ya haihuwa. Kowanne yana fitar da wani ƙamshi da mu ba ma ji, kowanne kuma yana da ƙwayoyin gado da ke gina masa abin shinshina. In ya shinshino irin nasa, sai ya share. In na dabam ne, ya buɗe wa baƙon hanya su gauraya, girma ya kankama, can a ga hula ta ɓullo. Yayansa, Alhaji Isiyaka, yana jin haka ya ce, "Su ba su auren zumunci ke nan. Nuhu, lallai ka samu aiki."

Ya kuwa ƙulla aure iri-iri, har ya dace da wasu biyu da 'ya'yansu ke jure zafin Kumasi. Ya ɗaura wa kwalbar ɗaya jan zare, ɗayar baƙi. Da irinsu nake cika buhunan garin katako a rumfar bayan gida, da shi nake ciyar da yaranmu tun da ƙasa ta rufe masa ido.

Bara koriyar funfuna ta cinye rumfar kaf. Ban damu ba, don ya koya mini in iri ya lalace in koma wa iyayen in sake haɗa su. Na buɗe firiji, na tarar mai baƙin zare ta bushe ƙamas. Yawan ɗauke wuta ya gama da ita ban sani ba.

Na yi ta shuka mai jan zaren. Buhu ya yi fari fat, ko tsiro ɗaya babu. Na hau tirotiro, motar hayarmu ta nan, na sayo irin wasu na haɗa mata. Wani ta ƙi shi, wani ta karɓa amma zafi ya kashe abin da ya fito. Makon jiya Alhaji ya leƙo. "Maman Hawa, ki bar abin nan haka. Bayan Sallah zan ba wani mai shago wurin rumfar." Ban ga laifinsa ba, gidan gado ne.

Nakan ce da Nuhu yana nan, me zai ce? Na ji yanzu na'ura kan duba ƙwayoyin gadon ta faɗi wa zai dace da wa. Da ya yi murna kamar yaro. Ni ba ni da na'ura, tsoro kawai nake ji. Littattafansa gara ta ci, rigunansa na rabar. Abu mai rai da ya rage na aikinsa shi ne kwalbar nan mai jan zare, ita ma gefenta ya fara ja da baya.

Nuhu ba shi da rowa, ya sha ba ɗalibansa iri su tafi da shi. In kana cikinsu, ɗana, don Allah tashi ka duba firijinka. In ka ga kwalba da baƙin zare a wuya, shigo Zango ka tambayi gidan naman kaza, kowa zai nuna maka. Ka zo kafin Sallah. Allah ya jiƙan Nuhu.