Ranar da Malam Sada Ya Shiga Tafki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Sada, malamin firamare a Kurfi, mutumin da in ya yi atishawa a aji sai an ce masa sannu daga ƙauyen Tamawa. Allah Ya jiƙansa.

Wani akawu Bayarabe da ke aiki a Dutsin-Ma ne ya ara masa littafin Turanci, labarin wata yarinya rabi mutum rabi kifi da son ɗan sarki ya kama. Yaya ya ce matasanmu ba su san teku ba. Sai ya sake rubuta labarin da Hausa, ya cika littafin rubutu uku, ya ɗauko yarinyar ya zuba ta a tafkin bayan gari, ya mai da ɗan sarkin makiyayi.

Kuskurensa ɗaya ne. Ya ce wannan littafi ne, ba tatsuniya ba, saboda haka babu "ga ta nan ga ta nanku", babu "ƙurunƙus". Kuma da rana tsaka ya karanta wa 'yan aji bakwai. To, a lokacin tatsuniya ta baki ce, ba a yin ta da rana. Abin da ke rubuce kuwa, ko na addini ne ko na gwamnati. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa 'yar ruwa ta tare a tafki. Ga shi bazara ce, rijiyoyi sun ƙafe, tafkin kaɗai ke da ruwa. Masu ga-ruwa suka ajiye garwa. Kwana uku, mu masu tsabta ma da taimama muke salla.

Mai unguwa ya kira shi.

"Malam, ko ka ƙone littafin a gaban jama'a, ko ka shiga tafkin su gani."

"Ranka ya daɗe, ni fa ban iya ruwa ba."

"Ka dai iya rubuta shi."

Wata shida ya yi yana rubutun nan, ba zai ƙone shi ba. Ya miƙo mini littattafan, ya tuɓe riga, ya shiga yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci. Ruwan bai wuce cibiyarsa ba. Ya fito dumu-dumu da laka, masu ga-ruwa suka ɗauki garwa.

Yau in ka shiga kasuwar Dutsin-Ma, ga 'yan littattafan Hausa nan baje a tabarma, 'yan sakandare na rububi. Har na ga ɗaya da zanen mace mai jelar kifi a bango, kuma ba wanda ya fasa wanka saboda shi. Ban sani ba ko Yaya zai yi murna, ko zai ce marubucin ne bai iya ba.

Nasa bai kai ga bugawa ba. Gara ta cinye biyu, na ukun yana akwatina. Amma bara a Kurfi na ji wata mata tana hana ɗanta zuwa tafki, wai akwai 'yar ruwa mai neman miji.

Na ce, "Baiwar Allah, wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Wani malami ne ya taɓa shiga, ya gan ta da idonsa."

Ban ƙaryata ta ba.